Filinge: Abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya sayi injin tsaga katako

Duk shekara idan damina ta kusa faɗuwa a ƙasar Kurfai, iska ce ke riga ruwa isowa. Takan taso daga gabas da jar ƙura, ta yaye rufin kwano, ta kayar da wasu daga cikin manyan itatuwan dogon yaro da aka dasa a bakin hanya da harabar makarantu tun shekaru da dama. Kafin kwana biyu masu gatari sun daddatse su, an loda a amalanke, sun zama itacen girki.

A daidai wannan lokaci kafintan da ke Filinge yana jiran katakon da za a ɗauko masa daga Yamai, tafiyar kilomita kusan 180 ta hanyar Balleyara. Shi ma katakon ba a Nijar aka tsaga shi ba, daga ƙasashen kudu masu daji ake shigo da shi, irin su Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, hanyar kayan da ke fitowa daga bakin teku ta ƙara tsawo.

Wannan ne ya sa bidiyon da ke yawo a YouTube da TikTok, inda ake ganin mutum ɗaya da zarton inji yana mayar da gungume faffaɗan katako cikin 'yan mintuna, ke ɗaukar hankalin matasa. A Amurka da Turai aikin sha'awa ne da ake yi ranar hutu. Ga ɗan Kurfai da ke neman kuɗi a Aljeriya ko Kumasi ko Legas kuwa, tunanin da ke zuwa masa shi ne ya sayi injin ya aika wa ƙaninsa a gida, ko ya tanade shi don ranar da zai dawo. Tunanin ba laifi. Sai dai bidiyon ba ya nuna wanda ya mallaki itacen, ba ya nuna takardar izini, kuma dajin da aka ɗauke shi bai yi kama da Dallol Bosso ba.

A fara ƙirga itace kafin a ƙirga kuɗi

Ruwan da Filinge ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Manyan itatuwan da ake gani a cikin kwarin Dallol Bosso, inda ruwan ƙasa ke kusa, galibinsu gawo ne, sai goruba da aduwa nan da can. Dukkansu suna cikin jerin itatuwan da Nijar ta sa wa kariya tun dokar gandun daji ta 1974, tare da kuka da tsamiya da maɗaci da giginya da kaɗanya. Dokar da ta maye gurbinta, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ta ci gaba da neman izini kafin a sare irin waɗannan itatuwa. Ta bar wa mutanen karkara damar ɗibar busasshen itace don amfanin gida, amma da zarar abu ya zama na sayarwa, maganar ta koma hannun ma'aikatan gandun daji. Ɗaukar itace a mota zuwa birni ma da tasa takardar, tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara.

Ko da babu doka, gawo ba itacen katako ba ne. Namansa laushi gare shi, ƙwari na shigarsa da wuri. Amfaninsa yana tsaye ne: yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su riƙe awaki da shanu a watannin da ciyawa ta ƙare. Har yau a Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa mai saran gawo. Goruba kuwa tsaga ta ake yi a fitar da azara, zarenta na dakusar da haƙoran inji, ruwanta kuma na cin ƙarfen jikinsa.

Abin da ya rage wa mai zarton inji a wannan ƙasa shi ne itacen da hannu ya dasa, kuma a nan dogon yaro ne kan gaba. Shi ne wasu ke kira bedi, wasu darbejiya ko maina. Daga yankin Indiya aka kawo shi, dangin maɗaci ne, tsakiyarsa ja-ja ce mai kyan gani, kuma gara ba ta cika damunsa ba. Yawansa a garuruwan Nijar na da nasaba da ranar dashen itace ta 3 ga Agusta, wadda aka fara a 1975 zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke nan yankin Filinge. A shekarar ce kuma ƙungiyar CARE ta soma dasa layukan dogon yaro don tare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa, aikin da ya kai ɗaruruwan kilomita, daga baya manoma suka riƙa sassabe rassan suna sayarwa ba tare da kashe uwar ba. Akwai kuma turare, wanda ke miƙewa sak amma yana da halin tsagewa da murɗewa idan yana bushewa.

Saboda haka lissafin farko mai sauƙi ne, kuma ba a shago ake yin sa ba. Gungume nawa mutum zai iya samu a shekara ta hanyar halal, daga wanda iska ta kayar, da wanda mai gida ke son cirewa don saiwarsa na fasa katanga, da wanda aka sare don faɗaɗa hanya? Idan amsar ba ta wuce goma ko ashirin ba, sayen inji mafi girma a kasuwa ɗora wa kai nauyi ne. Babban inji yana da ci, kuma wanda ya zuba jikkuna masu yawa a kansa zai fara kallon gawon gonar maƙwabci da wani ido.

An ga inda wannan hanya ke kaiwa. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji a 1998, amma har yau shi ne ke cika mafi yawan kasuwannin katako na cikin ƙasar. A jihar Taraba ta Najeriya, cikin 'yan shekaru masu zarton inji suka kusa share itacen madobiya saboda kasuwar China, har sai da yarjejeniyar CITES ta sa shi cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Ƙasar da ke samun ruwa ninki uku na Kurfai ke nan.

Ƙarfin inji

Yankan gungume a kwance da tsaga shi a tsawonsa ayyuka ne daban. Mai datsa itacen girki yakan danna inji na daƙiƙa ashirin ko talatin ya saki. Mai tsaga katako kuwa zai riƙe shi a ƙarshen ƙarfinsa na mintuna da yawa ba hutu, haƙoran suna gurzar kan zaren itace, inda ya fi tauri. Babu aikin da ke cin ran zarton inji kamar wannan.

Ana auna girman injin da faɗin cikinsa, abin da ake rubutawa cc. Ƙananan da suka cika shaguna, masu 52 ko 58, don sassabe rassa aka yi su. Za su iya tsaga ɗan gungume mai faɗin tafin hannu biyu idan an yi haƙuri, amma wanda ya sa su aikin yini zai ƙone fistin kafin wata ya zagayo. Masu wannan sana'a a ko'ina sun fi yarda cewa daga 70 ake farawa. A wannan aji akwai Stihl MS 382 mai cc 72, wanda nauyinsa bai kai kilo 7 ba. Sama da shi akwai MS 661 mai 91 da Husqvarna 395 XP mai 94. Can ƙoli kuma akwai MS 881 mai kusan 122, da tsohon nan 070 mai 106, wanda ya yi suna a dazukan Afirka ta Yamma saboda juriya da sauƙin gyara, duk da nauyinsa ya haura kilo 10 kuma jijjigarsa na kashe hannu.

Ga dogon yaron cikin gari, inji mai 70 zuwa 90 ya wadatar. Su 070 an yi su ne don itacen da mutum uku ba sa iya rungumarsa, irin wanda babu shi tsakanin Filinge da Abala.

Sai maganar jabu. Akwai injinan China iri biyu a kasuwa. Na farko shi ne wanda aka kwaikwayi tsohon ƙirar Stihl, aka sa masa sunansa na kansa, ana sayar da shi da araha, kuma kayan gyaransa suna shiga na asali. Wannan mai saye ya san abin da ya saya. Na biyu shi ne ƙaramin inji da aka shafa wa fenti ruwan lemo aka manna masa sunan babban kamfani. Farashi ne ke fara tona shi: sabon inji na asali ba ya zuwa da kuɗin wayar hannu. Lambar da aka buga a jikin ƙarfe da shaidar dillali na gaskiya su ne abin dubawa. Wanda ke waje ya tura kuɗi don hoton da ya gani a WhatsApp, ya sayi kifi a ruwa.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne kayan gyara. Kafin a biya, a tambayi makanikan janareta da injin ban-ruwa na garin wane iri suka taɓa buɗewa, a kuma bincika ko ana samun fistin da kafireta da fulogi da sarƙarsa a Yamai, ko sai an aika Sakkwato ko Kano. Inji mai tsada da aka kawo daga Turai, mai kwamfuta a cikin kafiretarsa, zai iya kwana wata shida a ɗaki saboda ƙaramin abu guda. Mai niyyar tahowa da shi a jirgi kuma ya sani cewa kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa karɓar injin da ya taɓa shan fetur a kayan fasinja.

Takobi, sarƙa da firam

Doguwar farantin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kanta, wadda ta yi kama da takobi, ita ce ke iyakance faɗin katakon da za a fitar. Firam ɗin da ake ɗaurawa a kanta yana cinye kusan santimita 15 na tsawonta. Ke nan gungume mai faɗin santimita 50 yana son takobi mai kusan santimita 70, wato inci 28. Ƙara tsawo ba tare da ƙarfin inji ba wahala ce kawai, domin kowane haƙori da ya shiga itace nauyi ne a kan injin, kuma famfon mai ba zai kai ƙarshen takobin ba.

Firam ɗin shi ne sirrin aikin. Wasu sanduna ne na alminiyum ko ƙarfe da ke riƙe takobi a kwance, su zame a saman gungume, su sa kaurin katako ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Kamfanin Granberg na jihar Kaliforniya ne ya yi suna da shi. Ba abu ne mai wuyar ƙira ba, mai walda da ya ga hotonsa da awonsa zai iya haɗa shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, sai dai zai fi nauyi. A dazukan kudu da yawa ba sa amfani da shi, da ido da zaren da aka shafa wa baƙi suke tsagawa a tsaye. Wannan gwaninta ce ta shekaru, kuma ita ce ke fitar da katako mai tudu da kwari da kafinta zai ɓata rabinsa wajen gogewa. Ga sabon shiga, hanya ce ta rasa ƙafa.

Yankan farko yana buƙatar abin bi mai miƙe. Tsanin alminiyum ko katako biyu madaidaita da aka kafe a saman gungumen sun isa. Idan yankan farko ya karkace, duk na bayansa sun karkace. Ana kuma cusa 'yan guntayen itace a bayan takobi yayin da ake tafiya, don kada katakon sama ya danne sarƙa.

Ita sarƙar tsagawa daban take da ta datsawa. Ta datsawa ana wasa haƙoranta a karkace kusan digiri 30, ta tsagawa kuma kusan digiri 10, abin da ke sa fuskar katako ta fito sumul. Idan ba a samu ta musamman ba, ana iya mayar da ta kullum a hankali da magagari. Duk wanda bai iya wasa sarƙa ba bai fara wannan aiki ba tukuna, kuma a Kurfai zai yi wasan fiye da mutanen cikin bidiyo. Iskar hunturu na cusa yashi a ɓawon kowane itace, yashi kuma shi ne maƙiyin haƙori. Ɓare ɓawon ko wanke shi kafin yanka yana ceton sarƙa. Itacen cikin gari yana da wata matsalar: shekara da shekaru mai shayi yana kafa ƙusa don rataye fitila, mai shago yana ɗaura waya, nama ya rufe su ba a gani. Ƙusa ɗaya na iya lalata rabin haƙora a ƙiftawar ido. Shi ya sa ake sayen sarƙa biyu ko uku tun farko, da magagari masu daidai da girmanta.

Akwai asarar da ba ta gyaruwa. Sarƙa na cin kusan milimita 9 a kowane yanka, alhali zarton masana'anta mai siririn bel bai wuce 2 ko 3 ba. Idan ana fitar da katako mai kaurin santimita 2.5, duk katako uku da aka samu, na huɗu ya tafi a gari. Dabarar ita ce a tsaga da kauri, santimita 5 ko fiye, don benci da teburi da ƙyaure da dogarin ƙofa, a bar siraran falankai ga 'yan kasuwa.

Mai, zafi da ƙura

Injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa man da ake kira 2T. Kamfanoni na cewa kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. Masu tsaga katako da yawa suna ƙarawa zuwa mililita 125 saboda nauyin aikin. Abin da ke kashe inji shi ne awo da ido, da fetur ɗin kwalba da ya sha ƙura ko aka haɗa da wani abu. Gwangwanin awo da ƙyallen tacewa ba su kai kuɗin goro ba.

Sarƙa ma tana shan nata man a wani tanki. Al'adar zuba tsohon baƙin man mota a nan tana cinye famfo da takobi, tana ɓata katako da baƙin tabo, mai aikin kuma yana shaƙar feshinsa yini guda. Sabon man inji mai araha ya fi.

Iska ce ke sanyaya wannan inji, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Filinge na haura digiri 40. Aikin sassafe ne, a inuwa, a bar injin ya yi numfashi na minti ɗaya ko biyu bayan kowane yanka kafin a kashe shi, a kuma kakkaɓe matatar iska kullum.

Ɗaukar fetur ma abin lura ne. Sassa da dama na jihar Tillaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma a watan Janairun 2020 an hana zirga-zirgar babura a wurare masu yawa saboda hare-haren 'yan bindiga. Matashin da aka tare a bayan gari da jarkar fetur da inji zai sha tambayoyi. Wani dalili ke nan na tsayawa kan itacen cikin gari, da sanin maigari da takardar ofishin gandun daji a aljihu.

Kuɗin da ba a so a kashe

Mai aiko da inji yakan manta da kayan kariya, ko ya ga kamar ƙawa ce ta Turawa. Sarƙar na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ba yanka take yi kamar wuƙa ba, yagar nama take yi, kuma idan raunin ya fi ƙarfin asibitin gunduma, Yamai na da nisa ga mai zubar da jini. Akwai wando na musamman mai zare a ciki da ke cushe sarƙa ya tsayar da ita. Da zafi a jiki, amma sa'o'i biyu ne na safe. Ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, kuma mai tsaga katako yana durƙushe ne kansa dab da salansa, don haka abin toshe kunne da tabarau da takunkumi dole ne, haka ma takalmi mai rufi. Babbar riga da rawani mai jela ba su da wuri a nan. A tabbatar birkin sarƙa na aiki. Wasu tsofaffin ƙira da kwaikwayonsu ba su da shi sam. Kuma ba a yin aikin mutum ɗaya, ko don juya gungumen da ya fi buhun gero biyar nauyi. Yara za su taru da jin ƙara, sai an sa mai korarsu.

Bayan an tsaga

Littattafan Turai na cewa katako na son shekara guda na bushewa ga kowane inci na kaurinsa. A Sahel matsalar akasin haka ce, bushewar ce ke yin sauri fiye da kima. Katakon da aka jingina a rana da hunturu zai tsage daga baki ya lanƙwashe cikin mako guda. Ana shafa wa bakunan biyu fenti ko narkakken kyandir tun ranar da aka yanka, a jera katakon a rumfa, a ɗaga shi daga ƙasa kan bulo saboda gara, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a danne saman da duwatsu.

Wanda ya tsaga dogon yaron da iskar watan Yuni ta kayar ya yi sa'ar lokaci, domin laimar damina za ta sa ya bushe a hankali a watannin farko, lokacin da ya fi saurin tsagewa. Zuwa bayan girbi, sa'ad da samari ke ɗaura jaka za su koma bida, mai kaurin santimita 3 ya kusa shiga hannun kafinta. Mai santimita 5 sai a bar shi ya ga ƙarshen hunturu.